Kurfoti a Ɗakin Leda

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara da 'ya'yansu, da gwiwar nan taki mai ciwo. In kin tambayi tawa lafiyar, alhamdu lillahi, sai dai abin da zan gaya miki a ƙasa.

Ki yi haƙuri da rubutun, kin san ban taɓa zaman aji ba. A bayan katako na koya da fensirin kafinta, lokacin da nake aiki a injin yanka, injin da ya cinye mini kunne. Wayar da 'yar taki Uwata, 'yar cikina, ta saya mini tana cikin durowa. Mutum ya yi ta ihu a cikinta, ni kuwa kamar kukan ƙuda a kwalba nake ji. Shi ya sa na ba Dogo direba wannan takarda ya kawo miki.

Na gama ɗakin ledar da na ce zan yi a bayan gida. Ƙarami ne, in na miƙa hannuwa sai na taɓa gefe da gefe. Na kafa katako, na lulluɓe da farar leda mai kauri, na yi ƙofa, na yi kanta hawa-hawa. Na tankaɗe ƙasa na gauraya da yashi da ruɓaɓɓen taki, na cika kwalayen ƙwai da gwangwanayen madara da na huda gindinsu. Tumatir, tattasai, kabeji, latas. Auta, da kin ga ranar da suka fasa ƙasa! Kowanne ya fito da ɓawon irinsa a ka kamar hula. Ni kaɗai na tsaya ina dariya.

Sanyin bana ba na wasa ba ne, tsiro kuwa jariri ne. Saboda haka da yamma nakan hura gawayi a kurfotin marigayiya matata, in ajiye musu a tsakiya, in ja ƙofa. Da safe in ƙara gawayi in shiga in zauna, ina yayyafa musu ruwa da yatsu don kada ƙarfin buta ya kwantar da su. Ɗumi a ciki kamar cikin bargo.

To ga maganar. Kwanakin nan kaina yana ciwo, wani irin ciwo kamar an ɗaura mini igiya ana ja. Zuciyata tana tashi, ƙafafuna kamar tsumma. In na fito na zauna a ƙofar gida, zuwa la'asar sai ya lafa, gobe kuma ya dawo.

Ke kaɗai na gaya wa, kuma na haɗa ki da Allah kada Uwata ta ji. Ni na haife ta, amma yanzu ita ke ba ni umarni. Kin san abin da ta ce bara da na zame a banɗaki: “Baba, ka sake faɗuwa sau ɗaya, da mota zan zo, babu shawara.” Mijinta yana tsaye yana kaɗa makulli, da takalminsa mai ƙyalli, ko zama bai yi ba. Gidansu can sama ne a bene, ko ƙasar da kaza za ta tona babu. A kai ni can in zama me? Kujera? Gidan nan da hannuna na ɗora bulonsa, a cikinsa uwar yarinyar ta cika. Ba inda za ni.

Ki gaida kowa da kowa. Allah ya bar zumunci.

Ni ne yayanki.


Zuwa ga Yaya,

Wa'alaikumus salam. Na sami takardarka, na gode Allah da kana da ƙarfin yin ƙorafi, alama ce da sauranka. Muna lafiya, gwiwa kuma tana nan tana mulkinta.

Yaya, ka bar zancen hular tumatir, ka ji ni. Ka manta yadda na babban yayanmu ya fara? Da ciwon kai ya fara, yana cewa ba komai, har ranar da aka same shi bakinsa ya karkace. Hawan jini a gidanmu yake tun kakanni. Gobe-goben nan ka je kemis a auna ka. Kada ka ce mini ka jiƙa wani saiwa ka sha, na san halinka.

Ba zan gaya wa 'yata ba, tunda ka haɗa ni da Allah. Amma ka sani na kwana ban runtsa ba. Kuma ka daina zagin surukinka a takarda, bawan Allahn nan bai yi maka komai ba sai goge takalminsa.

Ka rubuto da zarar an auna ka. Allah ya ƙara sauƙi, ya rage taurin kai.

Ƙanwarka, Auta.


Zuwa ga Auta,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan takardar nan ta same ku lafiya.

Na je kemis don kada ki ce ban ji maganarki ba. Mai kemis ya naɗa mini abin nan a dantse ya matsa, ya sake matsawa, ya ce jinina ya fi nasa kyau. Na dawo gida ina tafe ina jin tsoro fiye da lokacin da na fita. Da jini ne, ai da na san sunan abin da ke bina. Yanzu ban sani ba.

Auta, ba ni kaɗai ba ne. Tsiron ma ya kamu. Ganyen tumatir ya lanƙwashe ƙasa kamar mutumin da ya sunkuyar da kai, na ƙasa-ƙasa sun yi ɗorawa. Na duba gindi babu ruɓa, na juya ganye babu ƙwaro, ƙasa da danshinta daidai. Shekaranjiya da safe na ja gwangwani a ƙarƙashin kanta, sai ga ɓera a mace. Babu cizo, babu jini, kwance kawai kamar mai barci. Kyanwar gidan nan da take bina ko'ina, yanzu in na buɗe ƙofar ledar sai ta tsaya daga nesa tana kallona. Na kira ta, na nuna mata ɓeran, ta juya ta tafi abinta.

Ni dai zuciyata ta tafi kan Bakanike, maƙwabcina na bayan katanga. Kin san shi, mai hannu kamar gindin tukunya. Tun da na kai ƙararsa wurin masu unguwa saboda baƙin man da yake zubarwa yana tsatsowa cikin ƙasata, ko gaisuwa ba ma yi. Ranar da nake kafa leda ya leƙo ta katanga ya ɗaga murya ya ce, “Tsoho, asibitin kabeji ake ginawa?” Masu aikinsa suka kwashe da dariya. Wanda ya iya wannan, me zai hana shi fesa wani abu ta katanga? Garejinsa cike yake da ruwan batir da abubuwa masu wari. Ban gan shi ba, ba zan rantse ba, amma na bi duk wata kafa ta ɗakin na toshe. Ƙasan ƙofa na cusa tsumma, inda leda ta haɗu da katako na bi da salatif. Yanzu ko iska ba ta da hanyar shiga, balle abin da ya aiko.

Ga wanda ya fi tayar mini da hankali. Jiya na shiga da hantsi ina rage tsiron kabeji inda ya yi cunkoso. Na san na ɗauki gwangwani. Abin da na sani bayan wannan, ina zaune a ƙasa, gwangwanin a cinyata, ƙasar ta zube a rigata, rana ta koma ɗaya gefen ledar. Ina na tafi? Kuma na ji bakina yana kiran marigayiya, ina ce mata ta kawo mini ruwa. Na daɗe ina jiran ta, Auta. Har haushi na ji da ta yi jinkiri, kafin na tuna. Da rarrafe na fito.

In guba ce, da sauƙi. In kuwa kaina ne ya fara kwancewa fa? Na ga tsofaffin da ake kulle wa ƙofa, ana ɓoye musu wuƙa da ashana, jikoki suna yi musu dariya. Faɗuwa ɗaya Uwata ta ce. Wannan in ta ji, ko takalmina ba za ta bari in ɗauka ba.

Ki riƙe amanata. Ki yi mini addu'a. Na gaishe ku.

Yayanki.


Yaya,

Salamu alaikum. Ba ni da lokacin doguwar gaisuwa.

Na ci amanarka, ka tsine mini in ka ga dama. Da na karanta zancen marigayiya da ruwa, na kasa daurewa. Na kira 'yata a waya na karanta mata duka takardunka biyun. Ina zuwa wurin tsumma da salatif ta kwarma ihu har wayar ta kusa faɗuwa daga hannuna.

Yaya, GAWAYIN NE. Ba Bakanike ba ne, ba kanka ba ne. Ta ce gawayi in yana ci a wurin da aka rufe, yana fitar da wata iska da ba a gani, ba ta da wari, ita ke sa ciwon kai da mantuwa, ta kwantar da mutum kamar barci, shi ke nan ba ya tashi. Abin da ya kashe ɓeran nan ke nan. Kai kuma ka bi ka toshe ko'ina!

Kada ka sake shiga ɗakin nan da wuta a ciki. Ka fitar da kurfotin, ka buɗe ƙofa, ka yage ledar in ta kama. Ta kira wayarka har ta gaji, ita kuwa wayar tana cikin durowa a kashe. Yanzu tana neman lambar garejin Bakanike wurin mutane, kuma tana neman izini a wurin aiki ta taho.

Na kai wa Dogo takardar nan da kaina, na tarar motarsa a kwance an cire mata ƙafa. Ya ce sai an samo wani ƙarfe. Na zauna a benci a tasha ina jira, ba zan koma gida ba sai na ga ta tashi.

Allah ka tsare mini ɗan'uwana.

Auta.


Zuwa ga Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Shiru ban ji daga gare ki ba, Dogo ma ban ga ƙeyarsa ba. Na ba wani direban wannan. Ko kin yi fushi ne? Ko kema kin fara ganin na zare?

Sanyi ya ƙaru, tsiro ya ƙara sunkuyawa. Na lura wuta ɗaya ba ta isar su, na can ƙarshen kanta sun fi jin jiki. Na aro kurfoti na biyu wurin maƙwabciyata matar tela. Gobe in Allah ya kai mu zan raba tumatir, in cire su daga kwalin ƙwai in mayar da kowanne gwangwaninsa. Aikin yini ne, kuma ba a yin sa ƙofa a buɗe, saiwa tsirara ba ta son iska mai sanyi. Zan shiga da ruwana da abin zamana, ba zan fito ba sai na gama.

Ba zan ɓoye miki ba, gabana faɗuwa yake duk lokacin da na kama ƙofar nan. Amma in na bar su suka mutu, me zan nuna wa Uwata in ta zo? So nake ta tarar da kantocin nan kore shar, ta san ubanta bai ƙare ba.

In wani abu ya faru, makullin gida yana ƙarƙashin turmin da ke zaure. Kyanwa a ba matar tela.

Ki yafe mini abin da na yi miki tun muna yara. Na gaishe ki.

Yayanki.


Zuwa ga Auta, mai bakin da ba ya riƙe magana,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, duk da ban huce ba. An sallamo ni daga asibiti, ina gida. Takardarki ta iso bayan komai ya wuce, Dogo ya kawo mini ita har gadon asibiti yana ba ni haƙuri.

Tunda ke kika tara mini jama'a, bari ki ji yadda aka yi.

Na shiga da safe, na hura duka biyun, na ja ƙofa na mayar da tsumma. Na fara aiki lafiya. Ina sa bakin cokali in ɗago tsiro da ƙasarsa, in riƙe shi ta ganye ba ta wuya ba, in zaunar da shi a gwangwani in danna a hankali. Na yi layi guda. Sai igiyar nan ta kama kaina. Na ce bari in ƙarasa na hannuna. Cokalin ya faɗi. Na sunkuya in ɗauka, sai na ga ƙasa ta taso ta same ni.

Auta, ban suma ba, abin da ban gaya wa kowa ba ke nan. Idona biyu. Kumatuna a ƙasa, ƙofa ga ta nan, tsumman da na cusa da hannuna yana gaban hancina. Na ce wa hannuna ya ja shi, hannu ya ƙi. Na ce wa bakina ya yi kira, babu abin da ya fito. Ta cikin leda ina ganin hasken rana, ina ganin inuwar tsuntsaye suna wucewa. Na san a titi mutane suna ta harkarsu, mai kayan miya yana tura baro, matar tela tana shanya. Tsakanina da su leda ce kawai da katanga, kuma babu mahalukin da ya san ina kwance. Na ce ashe haka ake tafiya. Sai wani barci mai daɗi ya fara zuwa, daɗinsa ne ya fi ba ni tsoro.

Sai ga wata ƙatuwar inuwa a jikin leda. Sai ga bakin wuƙa ya ɓullo, ya tsarge ta daga sama har ƙasa. Na ga baƙin hannu, na gane shi. Wallahi abin da ya zo mini, Bakanike ya zo ƙarasa ni. Ya kama ƙafafuna ya ja ni waje kamar buhun siminti, kaina yana bugun dakali. Ya sa bakinsa a kunnena yana ihu, “Tsoho! Tsoho! Kada ka mutu a hannuna, 'yarka za ta ce ni ne!” Ashe Uwata ta samu lambarsa, yana ƙarƙashin mota ta kira, ya diro ta katanga ko takalmi babu. A motar wani da ya kawo gyara ya kai ni asibiti.

Sun sa mini abin shaƙar iska a hanci. Likita ta rubuta mini bayani a takarda da manyan baƙaƙe tunda ba na ji. Na ce mata marigayiya ta yi shekara da shekaru tana girki da kurfotin nan bai kashe kowa ba. Ta rubuta, “A tsakar gida take yi, Baba.” Na bar maganar, ba don ta fi ni gaskiya ba, don na gaji.

Ledar da na sha wahala a kanta, mutumin nan ya yi mata yankan da ba ta ɗinkuwa. Zai iya buɗe ƙofa, ƙofa ga ta nan, amma sai da ya yanka. Na gaya masa. Ya ce, “To, gobe in ka sake sai in ƙwanƙwasa in jira izini.” Latas da rabin tattasai sun tafi, sanyi ya gama da su. Tumatir kuwa, abin haushi, tun da iska ta shiga sabon ganyensu ya fara miƙewa.

Uwata ta zo da mijinta. Shi ya kwashe kurfotin biyu ya kai zaure, toka ta ɓata masa takalmi, ko kallon takalmin bai yi ba. Ita ko kallona ba ta iya yi sai ta fashe da kuka. Na jira zancen mota, na shirya amsata tsaf. Har suka tafi ba ta yi shi ba. Takarda ta bari a ƙarƙashin matashina.

Ban yafe miki ba tukuna, amma ki gaida yara.

Yayanki.


Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum, Baba. Ina gaishe ka da jiki, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Na rubuta ne saboda in na buɗe baki kuka ke riga maganar fita.

Gwaggo Auta ta karanta mini duk abin da ka rubuta mata. Kada ka ga laifinta. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, kana ciwo, kana tsoro, amma tsorona ya fi maka tsoron ciwon. Maganar da na yi bara ita ta sa ka ɓoye mini, har ta kusa raba ni da kai. Na janye ta, Baba. Likita ta ce kanka lafiya lau, jikinka ma haka. Ba zan ɗauke ka daga gidanka ba. Ka zauna, ka yi shukarka.

Surukinka ya yi magana da Bakanike, za su sa sabuwar leda da taga a sama wadda ake ɗagawa. Ya tambayo masu wannan sana'a, sun ce in ka jera jarkokin ruwa a ciki rana ta gasa su, suna riƙe ɗumi har safe, sai ka rufe tsiron da buhu da yamma. Wuta dai, don girman Allah, an gama.

Abu ɗaya nake roƙo: kome ya same ka, ni ka fara gaya wa.

Ina neman albarkarka.

'Yarka.


Zuwa ga Uwata,

Wa'alaikis salam. Na karanta. Allah ya yi miki albarka.

Kin ce ke zan fara gaya wa, to ga shi. Sun sa ledar, ta yi kyau, har da tagar. Na je zan shiga, na kama ƙofa, ƙafata ta ƙi. Daga waje nake miƙa hannu in ba su ruwa. A ɗakina ma ba na iya rufe ƙofa. Ba gawayin nake tsoro ba, na san shi yanzu. Kwanciyar nan nake tsoro, ina kallon haske, babu wanda ya sani.

Ki bari tumatir su yi ƙwari in dasa su a fili, Bakanike ya ce zai riƙa ba su ruwa, ko da yake na san zai cika musu. Daga nan ki zo da motar. Ni na ce, ba ke kika ce ba, ki gaya wa gwaggonki haka.

Kuma ki duba mini, barandar nan taku tana samun ranar safe?

Ki gaida maigidanki.

Babanki.